Ranar da Papa Ya Ɗaura Min Sarauniya a Wuya

Ke da kika rubuto a ƙasan shafin makon jiya kika ce ni 'yar rainin hankali ce, na bar namiji wata uku yana jiran amsa, na ga saƙonki. Ban ji haushi ba. Mamata ma abin da take faɗa ke nan kullum da safe, ita har da buga murfin tukunya. Ki zauna ki karanta na yau, in kin gama sai ki sake zagina in da sauran ƙarfi.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Gesa, shekarata ashirin da tara. Ƙauyenmu tafiyar awa ɗaya ne daga Hamburg, a bakin dajin haide, wato fili mai gajerun tsirrai masu fure. Mahaifina Eckhard mai kiwon ƙudan zuma ne, haka ubansa, haka kakansa. Amya tamanin gare mu. Yayana ya gudu Munich yana gyaran haƙoran mutane, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana warin hayaƙi ba, don haka ni kaɗai na rage. Shekara uku da suka wuce Papa ya sa aka goge "da Ɗansa" a jikin motarmu aka rubuta "da 'Yarsa". Ranar har hoto ya tsaya aka yi masa, mutumin da ko a ranar aurensa sai da aka roƙe shi.

Abin da Papa bai sani ba shi ne, bara war haka ƙuda ɗaya ta harbe ni a wuyan hannu ina ni kaɗai a daji. Harbi na dubu nawa ke nan a rayuwata, ban ma kula ba. Kafin minti goma harshena ya cika bakina, maƙogwarona ya rufe. Wasu tsofaffi biyu masu yawon ƙafa ne suka kira motar asibiti. Likita ya ce jikina ya daina ɗaukar dafin, kuma yana faruwa ga 'ya'yan masu zuma fiye da kowa. Ya ba ni allurar gaggawa in riƙa yawo da ita, ya sa ni zuwa Hamburg duk wata ana yi min wata allurar da za ta saba wa jinina da dafin a hankali, shekara uku zuwa biyar. A gida cewa na yi mota ce ta lalace min. Na san Papa sarai. Ranar da ya ji, ranar zai rabu da amyoyin nan, kuma in ya rabu da su ban san me zai tashi ya yi da safe ba. Ni ma ban san me zan tashi in yi ba.

Tun daga nan nake shiga cikin ƙudan da cikakkiyar riga da safar hannu biyu. Papa, da ke aiki hannu tsirara da lofensa na hayaƙi a baki, ya sa min suna 'yar sama jannati.

Shi kuma mai jiran amsar sunansa Malte. Aikinsa shirya finafinan nan na tsoro da ake sawa a talabijin ranar Alhamis, waɗanda ƙwari ke cinye rabin gari kafin a tafi talla. Ya yi na tururuwa, ya yi na kyankyasai a asibiti, ya yi wani na fara da ko shi ba ya so a tuna masa. Neman aron tsohuwar saƙar zuma ya kawo shi gidanmu, daga nan ya riƙa mance abu yana dawowa ɗauka. Shi kaɗai na gaya wa sirrina. In faɗi gaskiya, ya riƙe shi da kyau. Duk wata shi ke kai ni asibitin, ya zauna a ɗakin jira rungume da rigar sanyina har a gama. Su Mama kuwa gani suke soyayya ce take kai ni Hamburg, shi ya sa da ya nemi aurena a watan Mayu na ce ya bari a gama fim tukuna, Mama ta kusa shiɗewa.

"Me kike jira kuma? Kowane wata kina hanya kamar mai kai wasiƙa!"

Ina son sa? Ina jin daɗin zama kusa da shi, wannan na sani. Sauran shi ne nake ta dubawa.

Fim ɗin na bana sunansa Guba a Cikin Saƙa, kuma a ƙauyenmu ake ɗaukarsa. Labarin wai wani kamfani ya zuba magani a gona, ƙudan zuma suka haukace. Duk garin an ba shi aiki. 'Yan kwana-kwananmu sun zama sojoji. Mama ta mutu sau biyu, na farko da jar riga a gaban coci, na biyu da koriya da tabarau a wurin ajiye motoci, kuma har yau tana jin haushin an ce na farkon ta cika ihu. Ƙudan da ke bin mutane a guje kuwa shinkafa ce da aka rina baƙa, ana watsa ta a gaban fanka. Wuri ɗaya ne darakta Ulf ya kafe sai na gaske, wato inda jarumar, Saskia, za ta zauna ƙudaje su rufe mata wuya da haɓa, kyamara na matsowa. Hoton da tashar za ta yi talla da shi ke nan.

Dabarar mai sauƙi ce, Papa ne ma ya ba su ita tun cikin bazara. Mazan ƙudan zuma ba su da ƙari, ba sa harbi. Manya ne, ga ƙugi mai ban tsoro, amma ko jariri ka ɗora wa ba abin da zai same shi. Aka rubuta a takarda: maza dubu biyu, watan Yuni. Sai jarumin fim ɗin ya karye a ƙafa, aka ɗage rabin aikin zuwa ƙarshen Agusta, wani a ofis ya ja layin mazan nan ya sauke shi ƙasa tare da layin kujeru da na motar abinci. Ba wanda ya ga dalilin gaya wa mai zuma.

Ranar Lahadi ƙarfe uku Malte ya iso da fure a hannu da kwali biyu a bayan mota. Farar riga ya sa, wadda Mama ke cewa tana mai da shi kamar likita. Ni ina sanye da shuɗiyar rigar da ta ajiye min a kan gado ba tare da ta ce komai ba, wato dokar ranar ke nan. An fito da kofunan da ba a taɓawa sai Kirsimeti. Oma, kakata ta wajen uba, ta gasa kek mai kirim tun safe, ta zauna a kujerarta ta kusa da murhu tana sa ido.

"Kwalayen na mene ne?" in ji Papa.

"Na mazan ne. Gobe da safe za mu ɗauki wurin Saskia."

Papa ya ajiye cokalinsa. Ya dube ni, na dubi kek.

"Taso, yaro," ya ce. "Zo in nuna maka mazanka."

Muka bi shi bayan gida inda amya shida suke. Ya nuna ƙasa da bakin lofensa. A gaban kowace ƙofa ga su nan birjik a cikin ciyawa, wasu sun bushe, wasu na motsi da ƙyar. Muna tsaye ma matan ƙudan biyu suka jawo wani ƙato ta fiffike suka wurgo shi waje.

"In kaka ta gabato matan ba sa ciyar da wanda ba ya aiki," in ji Papa. "Kowace shekara haka ne. Ka makara da wata guda."

"Ko ɗari biyu ba za a samu ba?"

"Ka tsince waɗannan ka shafa mata da gam."

Oma, da ta biyo mu da sandarta, ta yi dariya har da tari. Malte bai yi ba. Ya koma gefe da waya a kunne, yana tafiya yana dawowa tsakanin igiyar shanya da bishiyar tuffa. Ina jin yana cewa a'a, na kwamfuta ba zai yiwu ba, tashar ta riga ta ce ba ƙarin kuɗi. Da ya dawo tebur fuskarsa ta yi fari kamar rigar.

Papa ne ya fara ɓaro maganar, don tausayi. Ya ce akwai yadda tsofaffi ke yi a wurin baje koli. A sa sarauniyar ƙudan a ɗan keji, a ɗaura wa mutum a ƙarƙashin haɓa, a ƙosar da matan da ruwan sukari, a zuba su a faranti a ƙirjinsa. Da kansu za su hau su taru inda uwarsu take. Shi ya yi sau uku yana saurayi.

"Ba sa harbi?" in ji Malte.

"Biyu ko uku, wajen sauke su. Ba wani abu ba."

Aka kira Saskia a waya. Daga inda nake zaune na ji amsarta, kuma ba zan iya rubuta ta a nan ba.

Mama ta ƙara wa kowa kofi ba tare da an nema ba. Sai Malte ya ɗago, bai dube ni ba, Papa ya duba.

"Ai ido da goshi ba za su fito sosai ba. In aka sa hular gashi... tsayin Gesa ɗaya ne da na Saskia."

Kun san yadda mutum ke jin an ambaci sunansa a wani ɗaki? Haka na ji shi, daga nesa. Na ci gaba da yanka kek ɗina ƙanana ƙanana.

Fuskar Papa kuwa ta washe. "Gesa? Wannan tun tana rarrafe ake harbinta! Tana shekara shida ta kamo min taron ƙuda a cikin bokiti." Ya buga tebur. "Gobe dai 'yar sama jannati za ta tuɓe kayan yaƙi."

"A talabijin!" in ji Mama. "Kuma kin ga ai taimakon kai ne. Abin da ya samu Malte ai ya same ki." Ta faɗi wannan tana kallon yatsana.

Oma ce kaɗai ta ce, "An tambaye ta kuwa?"

"Gesa?" in ji Papa.

Na ce to. Kada ku tambaye ni dalili. Idon mutumin nan na kaina yana walƙiya, kuma amsa ɗaya ce tak za ta fitar da ni, ita ce kuma wadda na shekara ina ɓoyewa.

Malte bai bari mun keɓe ba. Ya sumbaci Mama a kumatu, ya ce aiki na jiran sa, ya ja mota. Ina wanke kofuna na rubuta masa da jiƙaƙƙen hannu.

"Ka manta ne?"

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya yi rubutu ya goge, ya yi ya goge. Na dauraye kofi huɗu kafin amsa ta zo.

"Ban manta ba, masoyiya. Na tsara komai. Motar asibiti za ta tsaya a bayan tanti. Ni zan riƙe allurarki da hannuna."

"Likita ya ce ko harbi ɗaya sai a asibiti za a gwada."

"Wata goma kina karɓar allura. Na karanta, yawancin mutane sun warke a wannan lokacin."

"Yawanci."

"Daƙiƙa arba'in ne kawai, Gesa. In babu hoton nan tashar ba za ta sake kira na ba. Kin san shekara nawa na yi ina ɗaukar wa mutane kofi kafin a ba ni wannan."

Sai ya turo zuciya ja, ya ƙara da, "Kuma kin ga yadda Papa ya yi murna."

Na daɗe ina kallon wannan layin na ƙarshe. Da ya ce min ya manta, da na zage shi tas mun shirya. Amma bai manta ba. Ya zauna a teburinmu yana cin kek ɗin Oma, ya lissafa cewa a gaban Papa ba ni da bakin cewa a'a, kuma lissafinsa ya fita daidai. Ban yi kuka ba, in kuna son sani. Na goge kofunan na mayar da su kabad, na je na duba ranar da allurata za ta lalace. Da sauran wata biyar.

Litinin ƙarfe tara muna daji. Haide ta yi fure, ko'ina shunayya har iyakar gani, rana ta fito ba iska, irin ranar da ƙuda ke da sanyin hali. Aka shigar da ni motar kwalliya. Suka sa min rigar Saskia, fara mai ƙananan furanni, wuyanta a buɗe har ƙashin ƙirji, da takalmi mai tsini da ya matse ni. Mai kwalliyar ta naɗe gashina ta kafa min hular gashi ja da filoli goma sha. Saskia na zaune a kusurwa cikin rigar wanka tana shan shayi.

"Ke jaruma ce," ta ce min. "Ko kuma ba ki da hankali. Ni dai ban sani ba."

"Ni ma," na ce.

A waje an kafa kujerar katako a tsakiyar furanni. Ma'aikatan duk sun rufe fuska da raga, wasu har da tef a bakin wando. Ulf na bayan allonsa yana cin burodi ta ƙarƙashin raga. Can na hango Mama a bayan igiya tare da matan ƙungiyar waƙar coci, ta ɗaga waya sama. Motar asibitin na bayan tanti kamar yadda aka yi alkawari, direbanta na karanta jarida. Malte ya zo ya karɓi gidan tabarau da nake ɓoye allurar a ciki, ya matse min hannu. Cikakkiyar riga ce a jikinsa, sabuwa fil, da safar hannu har gwiwar hannu.

"Ina nan kusa," ya ce.

Ya je ya tsaya taku goma sha biyar daga kujerar. Na ƙirga.

Papa ya zo da kayansa a tire. Shi ko hula bai sa ba. Ya durƙusa a gabana, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ajiye lofen a ƙasa. Ya murza auduga ya toshe min kunnuwa, ya sa ƙanana a hancina. Ya lakato man shafawa da ɗan yatsa ya zagaye min idanu da leɓe, don kada su hau nan. Hannunsa kaushi kamar bawon itace, amma a hankali yake yi, yadda yake min in zan tafi makaranta cikin sanyi. Sannan ya ciro kejin daga aljihu. Ɗan ƙarami ne kamar gidan ashana, ga ta a ciki tana zagaye, da ɗigon shuɗin fenti a bayanta.

"Wadda ta fi kowa haƙuri na zaɓo miki," ya ce. Sai da ya ɗaga murya saboda audugar. Ya zagaya da zaren bayan wuyana ya ɗaure, kejin ya zauna a maƙogwarona. Ina jin ƙafafunta ta cikin ragar.

"Bayan an kwashe zumar bana za mu je ofis," ya ce yana gyara ƙullin. "In mayar da komai sunanki. Na so in bari sai Kirsimeti in faɗa, amma bakina ya ƙi."

Ya miƙa min farantin na riƙe a ƙirji. Ya ɗauko akwatin, ya buɗe, ya girgiza sau ɗaya. Nauyinsu ya sauka a hannuna, da ɗumi, da ƙugin da nake ji a ƙashi ba a kunne ba. Na farkon suka fara hawa rigar.

"Kyamara!" in ji Ulf.

Papa ya sunkuyo kusa da kunnena. "In ɗaya ta harbe ki kada ki motsa. Ki bar ta kawai, kamar kullum."

Kamar kullum. Sun kai maɓalli na biyu. Na duba ta gefen ido na ga Malte ya buɗe gidan tabaraun ya riƙe allurar a shirye, yana kallon allon Ulf, ba ni ba. A nan ne na ga abin sarai. In ta faru, Papa ne zai kasance a durƙushe a gabana, da hannunsa ya ɗaura, kuma bai san komai ba. Zai rayu da wannan. Duk ɓoyon da na yi don in kare shi, ga inda ya kawo mu.

"Papa," na ce, ba tare da na buɗe haƙora ba. "In ɗaya ta harbe ni zan iya mutuwa."

Bai ce me kika ce ba. Bai zaro ido ba. Shekara hamsin cikin ƙuda sun koya masa kada ya zabura. Ya sa hannu biyu a bayan wuyana ya kwance zaren a hankali, ya zare kejin, ya jefa shi a aljihun ƙirjinsa. Ya karɓi farantin ya ajiye a ƙasa. Waɗanda suka hau rigar ya riƙa kwashe su da tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta kai ƙashin wuyana. Ina jin numfashinsa. Sai da ya duba gashin, ya duba bayan kunnuwana, ya zagaya ni sau biyu.

"Tashi. Ki tafi a hankali har mota, ki rufe ƙofa."

Na yi taku kaɗan, ya ce, "Tun yaushe?"

"Bara."

"Hamburg ɗin?"

"Asibiti ne."

"Wa ya sani?"

Ban faɗa ba. Idona ne ya tafi wajen Malte da kansa.

Daga cikin motar kwalliya na kalli sauran, ni da Saskia, ta taga. Ƙudan sun tashi daga farantin suna neman uwarsu, uwar kuma tana aljihun Papa. Kafin ya yi taku biyar sun rufe masa ƙirji, sun hau kafaɗa, sun fara cika gemunsa. Haka ya nufi Malte, a hankali, hannuwa a sake. Ma'aikata suka dare. Daga baya aka gaya min Ulf cewa yake ta yi wa mai kyamara ƙasa ƙasa, "Kada ka kashe, bi shi, bi shi."

Ban ji abin da Papa ya ce ba, Mama ce ta ji. Wai tambaya ɗaya ya yi: "Ka sani?" Malte ya fara bayanin motar asibiti yana ja da baya, yana kaɗa hannu a gaban raga. Papa ya ƙara taku ɗaya. Sai Malte ya juya ya zura da gudu cikin furanni, da sabuwar rigarsa da safar hannunsa, mutumin da ko ɗari suka harbe shi kumburi kawai zai yi. Allurata ta faɗi a hanya. Direban motar asibitin ne ya tsinto ta ya kawo min.

"Wannan ne saurayin naki?" in ji Saskia.

"Shi ne."

Ta miƙo min shayinta.

A gida ba wanda ya yi faɗa, kuma da an yi da ya fi min. Mama ta dafa dankali da kifi, ta zuba wa kowa, ta zauna tana kallon farantinta. Sau ɗaya ta buɗe baki ta ce, "Da ni ko kin gaya wa," sai ta tashi ta shiga bayi ta daɗe. Oma ta turo min man shanu kusa, abin da ta yi ke nan. Papa ya ci abincinsa tas, ya ɗauki wayar gida ya shiga rumfar tatsar zuma ya rufe ƙofa.

Wayata kuwa ba ta huta ba. Saƙo goma sha ɗaya daga Malte. Na farko ban haƙuri, na biyu ban haƙuri, na uku wai na ba shi kunya a gaban mutanensa. Na tara ya ce Ulf ya ce hoton Papa shi ne abu mafi ban tsoro da ya taɓa ɗauka, tashar za ta haukace a kansa, ko zan iya lallashin Papa ya sa hannu a takardar izini? Na goma sha ɗaya: "Maganarmu fa? An kusa gama fim."

Na rubuta masa, "A'a. Duka biyun." Na kife wayar. Ke mai zagina, kin samu amsarki, shi ma ya samu. Abin mamaki, wannan ɓangaren bai yi min ciwo ba ko kaɗan.

Ƙarar mota ce ta tashe ni da asuba. Amya ba a ɗaukar ta sai da sanyin safiya kafin ƙudan su fita, kuma mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, sai biyu, kowa da hannu guda. Tun ina shekara goma sha huɗu ni ce ta biyun. Na sauko da gudu na nufi ƙugiyar da nake rataye rigar aikina a bayan ƙofar kicin. Babu ita.

Ta taga na gan su. Papa ya ja tirela har bakin bishiyar tuffa, ya toshe ƙofofin amyoyin shida, ya ɗaure su da bel. A ɗaya hannun akwai wata cikin rigata, ƙafar wandon na jan ƙasa, ragar ta karkace. Mama ce. Shekara talatin da biyar a gidan nan ba ta taɓa taɓa amya ba, ko kusa da su ba ta shanya. Tana nishi, tana tuntuɓe, yana ce mata a hankali, Heidrun, a hankali.

Oma na zaune a teburin kicin da kofinta, ta riga ni tashi.

"Jiya ya kira mutumin nan na ƙauyen gaba," ta ce. "Wanda ya daɗe yana nacin a sayar masa da amyoyin."

"Waɗannan shidan?"

"Waɗannan yau. Na daji in an kwashe zuma."

"Duka tamanin?"

Ta kurɓi kofinta.

Na buɗe tagar. Sanyi ya shigo da ƙamshin kaki. Na ce Papa, ka tsaya mu yi magana. Na ce allurar tana aiki, likita ya ce nan da shekara biyu. Na ce shekara guda na yi ina aikin nan ba abin da ya same ni, ka gani da idonka. Na ce don Allah. Muryata ta fashe a nan, kuma na ji haushin kaina.

Ya ɗora ta huɗu a tirela, ya ja bel ɗin ya gwada shi da hannu. Bai juyo ba. Wata ƙuda da ta kwana a waje tana zagaye inda amyarta take dā, ya bi ta da ido har ta yi wajen gida.

"Rufe tagar, Gesa," ya ce.

Na rufe.